Ragowar Furar Baba

Litinin, bayan la'asar

Yau ma tunkiya ce ta sha.

Na dawo daga Shagari rana na dukan ƙeya, ban gama kafe babur ba matata Ummulkhairi ta miƙo min ƙwaryar Baba rufe da faifai. "Ga ragowarka, Malam," in ji ta, idonta a ƙasa. Na ce madalla, na zagaya bayan ɗaki kamar mai neman inuwa, na juye a kaskon tunkiya. Na ɗauraye ƙwaryar, har da goge baki da bayan hannu don ko wani na kallo. Malamin makaranta guda da gemunsa yana wasan kwaikwayo a gaban tunkiya.

Tun ina yaro Baba ba ya shanye furarsa ta rana. Yakan rage ta ƙasan, inda gudajin ke kwanciya, ya rufe ya ce a aje wa auta. Ni ne autan. Yaya Lawali da Yaya Ramatu sun yi kishin ragowar nan har suka gaji suka bari. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙowa a gefen kunnena, ba a fasa ba. Kuma ni da kowa a Bodinga ya sani da ƙyanƙyami, ni da ba na shan ruwa a moɗar masallaci, har Baba ya laƙaba min Bature saboda haka, ban taɓa jin komai game da ragowarsa ba. Bakin Baba daban yake da na kowa a wurina.

Sai da abin nan ya fito masa a muƙamuƙi, ya ƙi warkewa, ya buɗe. Ba zan rubuta sunan da likitan Sakkwato ya kira shi da shi ba.

Talata, lokacin tara, a ofishin malamai

Ashe da rabon in ga abin dariya. 'Yan ajin ƙarshe na shirin jarrabawa, muna bin kalmomin Turanci rukuni-rukuni. Makon jiya na fushi muka yi. Yau na buɗe littafi sai ga na ƙyama.

Na jera su a allo: disgusting, nauseating, revolting, repulsive, loathsome. Na ce a jarrabawa za a ba ku ɗaya a ce ku nemo wadda ta fi kusa da ita, to ku sani ba nauyinsu ɗaya ba. Na ce a kawo misali. Nan take aji ya kaure, wannan ya ce masan makaranta, wancan ya ce mushen jakin da ke gefen titi kafin a kai Dandin Mahe. Ni ma na yi dariya.

Da na fara bayani kuwa sai na ji bakina ya buɗe. Na ce nauseating a ciki take zama, ita ce wadda ke sa miyau ya taru a baki. Repulsive a ƙafa take, kafin ka yi shawara ka riga ka ja da baya. Revolting kuwa jiki ne duka ke yi maka tawaye. Yara suka yi tsit suna rubutawa. Tun da na fara koyarwa ban taɓa yin darasin da ya fito min daga ciki kamar wannan ba, kuma na san inda na koyo shi.

Laraba, bayan la'asar

Tunkiya.

Alhamis, da hantsi

Mufida, yarinyar da ke zama a gaba mai tambaya kamar 'yar jarida, ta ɗaga hannu. "Malam, mu muna da wari, da ɗoyi, da ƙarni, da zarni, da hamami. Kowane da irin nasa. Su waɗannan na allo wane irin wari suke nufi?"

Na ce ba wari suke nufi ba. Turawa na da nasu sunayen wari, amma waɗannan suna faɗin abin da ke faruwa ne da wanda ya shaƙa, ko ya gani, ko ya taɓa. Ta ce to wace ce ta fi muni? Na ce loathsome, don ita ta wuce ciki ta wuce ƙafa, akwai tsana a cikinta.

Tun da na faɗa nake auna kaina da ita. Ni dai nawa a ciki yake. Na yarda wani lokaci yana sauka ƙafa, don shekaranjiya na tsinci kaina a bakin ƙofar Baba na ja da baya ban sani ba. Amma bai kai zuciya ba. Wallahi bai kai ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda na jera su a allo kamar matakala, kamar wanda ya taka ta farko dole wata rana ya isa ta ƙarshe.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Ni na ɗauki Baba a babur. Ya naɗe rawani har ƙarƙashin ido, Ummulkhairi ta turara masa riga sai da ɗakin ya yi hayaƙi. Amma zafin bazara ba ya rufa wa kowa asiri.

A sahu mutumin da ke damansa ya matsa. Ba da yawa ba, ɗan taƙi ne, ya kuma yi kamar yana gyara darduma. Na san mutumin, Baba ya sha ba shi irin albasa. Raina ya ɓaci har na kasa bin huɗuba. Sai can na lura da kaina, ni da ke hagunsa, da baki nake numfashi tun da muka zauna.

A hanya Baba ya ce daga bayana, da muryar nan tasa da ta koma ta cikin hanci, "Bature, shekara da shekaru ina noman albasa, ba ta taɓa hana ni masallaci ba. Yau ga shi ban ci ba ta hana ni." Ya yi 'yar dariya. Ya ce daga yau a gida zai riƙa salla, malamai sun ce mai damun jama'a da wari ya zauna gida, kuma gaskiyarsu.

Na ce, "Baba, ba wanda kuka dama."

Asabar, da walaha

Yaya Ramatu ta zo daga Dandin Mahe, inda take aikin jinya. Duk Asabar ita ke wanke wurin ta sake auduga, sauran kwanaki wani abokin aikinta na nan garin ke zuwa. Ta shiga ɗakin da sallama da barkwanci, ta daɗe, ina jin su suna hira kamar ba komai. Ni ina tsakar gida ina gyaran babur ɗin da lafiyarsa ƙalau.

Da ta fito ta wanke hannu ta zauna kusa da ni. Ba ta yi kwana-kwana ba, ba ta iya ba ma.

"Habibu, abin ga ba a ɗaukar shi. Ko ka sha bayan Baba ba abin da za ya same ka. Na gaya maka tun farko."

Na ce na sani.

"To mi ya hana?"

Na kalli ƙofar kicin, Ummulkhairi ta yi sauri ta koma ciki. Na ce wa Yaya ita ai aikinta ne, ta saba, Allah bai yi ta da irin cikina ba. Sai ta kama hannuna ta kai yatsana ƙarƙashin hancinta. Maiƙo ne, man zafi ta shafa.

"Kana tsammani mu ba mu da hanci? Kullum sai na shafa kafin in shiga. Wata rana in na fito sai na zauna a mota na rufe ido. Sannan in koma wata Asabar."

Na so in ce shaƙa daban, haɗiya daban. Ban ce ba, don da ta cinye ni ɗanye.

Lahadi, bayan azahar

Na gwada. Na ɗaga faifan, na kai ƙwaryar har leɓe. Furar lafiyarta lau, nonon ma mai kyau ne, daga rugar bayan gari. Amma na ga ludayin a ciki, na tuna ta inda ya bi. Miyau ya cika min baki.

Tunkiya.

Talata, bayan la'asar

Dabbar nan za ta tona min asiri. Ta gane ƙarar babur ɗina. Da na shigo zaure sai ta fara kuka tana jan igiya, ba ta yin shiru sai ta ga ƙwarya. Yau har da tsayuwa da ƙafa biyu. Na ce mata ke dai Allah ya shirye ki, kwaɗayayyiya. Tagar Baba kuwa tana kallon turken.

Laraba, da yamma

A aji na ba su aikin sa kowace kalma a jimla. Yawancinsu abinci suka rubuta, ruɓaɓɓen kifi da tsamammen tuwo. Wani yaro ya rubuta cewa mutumin da ke satar taki daga gonar maraya repugnant ne. Na ba shi maki cikakke, na ce ya gano abin da ban kai ga koya musu ba tukuna, cewa kalmomin nan suna tashi daga abin da hanci ya ƙi su koma kan abin da hali ya ƙi. Vile, despicable, contemptible, na ƙara musu a allo.

A hanyar dawowa na yi ta jifan kaina da su ɗaya bayan ɗaya, tun daga Shagari har na hango Bodinga. Da Turanci zagin kai ba ya da zafi sosai, kamar ana zagin wani ne a rediyo. Da na gwada da Hausa, na ce ɗan da ke ƙyamar ubansa, sai da na rage gudu.

Kuma duk zagin nan bai ƙara wa Baba komai ba. Na iso gida, na karɓi ƙwarya, na zagaya baya.

Alhamis, bayan la'asar

Na shiga gaishe da Baba. Yana kishingiɗe, yana kaɗa mafici saboda ƙudaje. Ya tambayi makaranta, ya tambayi kuɗin albasa a kasuwa, na ce ta faɗi, ya ce kullum haka take a bakin cira, mai haƙuri shi ke ajiyewa. Har na miƙe zan fita sai ya ce:

"Tunkiyag ga taka tana ƙiba, Habibu."

Na ce dusa ce da harawa.

"I, dusa na da kyau." Ya ci gaba da fifita. "Ni dai na san dabba ba ta kukan banza. In tana kuka lokaci guda kullum, wani abu taka jira."

Na ce haka ne, Baba. Na fito. Sai da na zo tsakar gida na lura Habibu ya kira ni. Rabon da ya kira ni da wannan sunan tun ranar ɗaurin aurena.

Juma'a, bayan la'asar

Ba ƙwarya yau. Ummulkhairi ta miƙo min kofin silba, sabo, cike da fura.

"Baba ya ce daga yau in riƙa ɗibar maka kafin in kai mai. Kafin ya sa baki."

Na ce ke kika gaya masa? Ta ce wallahi ko da wasa. Ta ce da ta kai masa furar ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ta koma ta raba, auta na dawowa da ƙishi, bai kamata tunkiya ta riƙa cin rabonsa ba. Tana faɗa tana share ido da gefen mayafi.

Zan rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Na sha. Da sanyinta, da ɗan yajin citta, na shanye tas. Kuma abin da na fara ji sauƙi ne, kamar an sauke min buhu daga ka. Kunyar sai daga baya ta zo, kuma har yanzu ba ta tafi ba.

Asabar, da rana

Kofi.

Lahadi, da rana

Kofi. Tunkiya ta yi kuka har ta gaji.

Litinin, bayan magariba

Yanzu in na yi sallama sai in ji motsi, yana jan rawani sama kafin ya amsa. Yau na ɗaga labule zan shiga ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, akwai zahi ciki. Gaisuwa daga ƙohwa ma gaisuwa ta."

Na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe shi kamar baƙon da ya zo neman iri. Ya amsa da fara'a, ya sa min albarka. Babu fushi a muryarsa ko kaɗan, da akwai ma da na fi samun sauƙi. Mutumin da ya bar masallaci don kada ya dami jama'a, yanzu ni ma ya sa ni cikin jama'ar.

Yaya Lawali ya kira daga Kaduna yana tambayar jiki. Ya ce, "Kai dai ka more, auta, kana kusa, kana shan albarka." Na ce haka ne.

Laraba, lokacin tara

Ana bita sai wani daga baya ya tambaya, shi mutumin da abu kaɗan ke tayar masa da zuciya, me ake ce masa? Na rubuta squeamish. Mufida ta karanta a hankali, ta ɗago ta ce, "Kamar ku ke nan, Malam?" Aji ya fashe. Sun daɗe da lura ba na karɓar ruwan leda in wani ya fasa, kuma da hankici nake riƙe abin goge allo. Na ce to an gode, a rubuta.

Ita kaɗai ce a cikin kalmomin rukunin nan da ba ta nuna abin da yatsa. Sauran duk cewa suke ga abin ƙyama can. Wannan kuwa mai jin ƙyamar take kallo, kuma ba zagi ba ce, kamar a ce mutum gajere ne ko bahago.

Sai na tuna fadamar Danchadi. Ina ƙarami Baba ya tafi da ni lambu, ya ɗora min kwandon taki a ka, ɗanye, daga turke. Ban yi nisa ba ruwan ya ɗigo min a goshi. Na yar da kwandon na yi ta amai a tsakanin kunyoyin albasa, ma'aikata na dariya. Na zaci duka zan sha. Baba ya zo ya ɗebo ruwa da hannunsa ya wanke min fuska da baki, yana dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Wanga ba manomi ba na. Bature na, a kai shi boko." Haka aka yi. Yaya Lawali ya yi noma sai da ya girma ya gudu, ni aka sai min jaka. Ashe duk Turancin da nake ci da shi daga aman nan ya samo asali, kuma mutumin bai taɓa goranta min ba.

Alhamis, bayan isha'i

Yaya Ramatu ta kira. An ba da rana, Talata mai zuwa za a kwantar da Baba a asibitin Sakkwato, Laraba a yi masa aiki. Ta yi ta bayani da kalmominsu na asibiti, na ce ta faɗa min da Hausa.

Ta ce za su cire abin da za su cire. Bayan nan ta roba za a riƙa ba shi abinci, ta hanci. Na ce har yaushe? Ta ce, "Habibu, ƙila ba za ya sake sha da baki ba. Ko da an dace."

Na ce to. Ta ce ka ji abin da na ce? Na ce na ji.

Juma'a, da yamma

Kofi. Ban sha ba, na ba yara.

Asabar, da walaha

Da Yaya ta zo wankin ciwon na ce zan riƙe mata fitila, ɗakin da duhu. Baba ya ce a'a, hasken taga ya isa. Yaya ta kalle ni ta kalle shi. Na koma wurin babur.

Da za ta tafi ta ajiye min 'yar kwalbar man zafinta a kan sirdin.

Lahadi, bayan azahar

Na shafa man, na shiga ban jira izini ba, na zauna a kan buzunsa. Ya ce akwai zafi. Na ce waje ma akwai. Muka yi hirar lambu, ya ce in gaya wa masu aiki kada su zuba albasa a rumbu da ɗanyen ganye, ruɓewa za ta yi. Na daɗe fiye da yadda na saba. Man yana taimako, amma ba ya hana komai, rufewa kawai yake sama-sama.

Da aka kawo fura ya ce a aje, sai an jima. Bai sha ba sai da na fita.

Saura gobe.

Litinin, bayan magariba

Na roƙi shugaban makaranta na taso da wuri. Na kashe babur tun daga bakin layi na turo shi, don kada tunkiya ta yi min shela. Na sami Ummulkhairi ta gama damu, ta ɗauko kofin za ta ɗiba. Na ce ta mayar. Na karɓi ƙwaryar na kai da kaina. Man zafin yana aljihuna, na manta ban shafa ba, sai da na ɗaga labule na tuna.

Baba ya kalli ƙwaryar ya kalle ni. "An ɗiba maka?"

Na ce ba a ɗiba ba.

"To koma a ɗiba."

Na ce, "Baba, ni ragowa na saba sha." Na ajiye a gabansa na zauna.

Mun daɗe a haka. Ƙuda na yawo a bakin faifai ina kora. Ya ce in fita ya sha, na ce ina nan. Ya ce Habibu ba ka jin magana, na ce yau dai ban ji ba. Can ya sa hannu ya warware rawanin.

Na gani. Rabona da ganin wurin tun yana kamar ƙurji. Ba zan rubuta ba.

Da gefe guda yake sha, a hankali, yana karkata kai. Rabin ludayi na shiga, wani na dawowa cikin ƙwaryar. Yana sha yana kallon bango. Ni kuma na ƙi kallon bango, na kalle shi, don na ga in na kau da kai sau ɗaya shi ke nan. Da ya kai inda ya saba tsayawa ya tsaya, ya sa ludayin ciki, ya turo ƙwaryar da bayan hannu.

"Kai ma tunkiya, tana jira."

Na ce yau ta yi haƙuri.

Na ɗauki ludayin nasa. Ƙarya nake in na ce soyayya ta kore ƙyamar. Ba ta kore ta ba. Duk kalmomin da na jera wa yara a allo sun zo, ta ciki ta zo, ta ƙafa ta zo, jikina duka ya ce a'a. Ta ƙarshen ce kawai na duba ban gani ba. Na yi bisimilla na sha ludayi ɗaya, na sha na biyu, gumi na keto min. Na uku ne ya ƙi zama. Na ajiye na fita da gudu, ban wuce gindin tagarsa ba na durƙusa, duk abin da na sha ya dawo.

Ina nan durƙushe ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige, sai na ji wani sauti daga tagar. Na zaci kuka yake ko shaƙewa. Dariya ce. Tana yi masa ciwo, yana yi yana nishi, amma ya kasa dainawa.

"Ummulkhairi," ya ce da ƙyar, "kai ma Bature ruwa. A kai shi boko."

Na wanke baki na wanke fuska. Ummulkhairi ta ce in zauna in huta, ai an yi. Na ce da saura. Na koma ciki, ƙwaryar na nan inda na bar ta, bai rufe ba. Na zauna na shanye har gudajin ƙasa, wannan karon ta zauna. Na kife ƙwaryar a gabansa yadda nake yi ina yaro.

Bai mayar da rawanin ba. Ya ɗora hannu a kaina, hannun ya yi sauƙi kamar ba na mai noma ba.

"Ka sha ko ka zubar, Bature, kai nika rage ma. Ban taɓa rage ma tunkiya ba."

Muka zauna har aka kira la'asar, ya ce in ja mu salla a nan ɗakin, na tsaya ya zauna a damana, kafaɗarsa na taɓa gwiwata.

Laraba, da yamma, a barandar asibiti

An fito da Baba daga ɗakin tiyata. Yana numfashi. Fuskar duk a naɗe, ga robar a hanci kamar yadda Yaya ta faɗa. Likita ya ce sai an ga kwanaki masu zuwa, bai yi alkawarin komai ba. Ɗakin ba ya warin komai sai magani.

Yaya Ramatu za ta kwana da shi, ta ce in koma saboda 'yan ajina na da jarrabawar gwaji gobe.

Alhamis, bayan la'asar

Sun yi ƙoƙari a gwajin. Tambayar kalmomin ƙyama kusan kowa ya ci.

Na dawo gida, tunkiya ta yi kukanta. Ummulkhairi ta dama fura a ƙwaryar Baba, don ta ce hannunta ya saba, ta kawo min cike har baki, da ludayin a wanke. Sanyi ƙalau, fara tas, ba wanda ya taɓa ta.

Ga ta nan a gabana tun ɗazu. Ita ce na kasa sha.